Auta Bakwai

A ɗakin aikin da ke hawa na biyu, saman shagon masu sayar da tayoyi, akwai kujera guda da ba wanda ke zama a kanta ko da mai ita ya yi tafiya. Ba wani kyau ne da ita ba. Hannunta na hagu a naɗe yake da salatif, kuma in ka jingina da ƙarfi sai ta yi wani kuka da duk ɗakin zai juyo. Amma tana kusurwar da hasken taga ba ya dukan fuskar kwamfuta, kuma shekara goma sha tara ke nan mutum ɗaya ke zama a kanta, wanda kowa a gidan ke kira Mai Ido.

Aikin gidan tallace-tallace ne na talabijin da na waya: sabulu, katifa, maganin sauro, makarantun kuɗi. Wasu su ɗauko hoto, wasu su yanka, wani ya sa murya. In an gama duk wannan sai a turo wa Mai Ido ya harhaɗa. Shi zai sa sunan sabulu ya fito daga cikin kumfa, shi zai sa haske ya ratsa kwalba, shi zai gyara katifa har mai kallo ya fara hamma. Ba a rubuta sunansa a ƙarshen talla, bai kuma taɓa damuwa ba, tunda duk wanda ya kamata ya sani ya sani.

A ɗakin wanke hoto ya fara sana'a, zamanin da ake tsoma takarda cikin ruwan magani a ƙarƙashin jar fitila. Can ya koyi cewa in kana son wani gefe na hoto ya yi duhu wani ya yi haske, sai ka yanki kwali ka tare hasken da shi. Da kwamfuta ta zo ta rufe ɗakunan wanke hoto, abokan aikinsa suka watse, wani ya kama tuƙi, wani ya buɗe shagon gyaran waya. Shi kuwa ya zauna gaban na'urar wata shida yana hararta tana hararsa, daga ƙarshe ya miƙe ya ce ai kwalin nan ne dai, suna kawai aka sake masa.

Laƙabin ya samo shi ne a shekararsa ta biyu a gidan. Ana kallon tallan wani lemon kwalba, shi yana can bakin ƙofa da kofin shayi a hannu, ya ce jan da ke jikin hoton ba shi ne jan da ke jikin kwalbar ba. Mutum biyar suka yi masa ca, suka ce iri ɗaya ne. A cikin manhajar akwai wani ɗan ma'auni da za ka ɗora a kan launi ya faɗa maka lambarsa daidai. Aka auna, sai ga bambanci ɗan mitsitsi, kuma ta ɓangaren da ya faɗa. Tun ranar sunan ya bi shi, tun ranar kuma ya raina ma'aunin nan. Ya ce lamba ta masu koyo ce, wanda Allah ya ba ido ba ya tambayar na'ura ko kore kore ne. Ya faɗi wannan magana sau ɗari in bai fi ba, kuma kowane sabon ma'aikaci sai ya sha ta a makonsa na farko.

Harhaɗawa jeri ne na hotuna, wani a kan wani, kamar ka jera gilasai masu zane ka leƙa ta sama. Kowane ɗaya leya ake ce masa, kuma masu hankali suna sa wa nasu sunaye irin su haske, inuwa, rubutu. Mai Ido shi da danginsa yake aiki. Akwai leyar da ake saita ta yadda farin jikinta zai ɓace, duhunta ya zauna a kan abin da ke ƙasa. Wannan ita ce Kawu, don kawunsa in ya shigo ɗaki ana dariya, kafin ya gama cire takalmi ya lissafa waɗanda suka rasu a makon. Akwai kishiyar wannan, wadda baƙin jikinta ke ɓacewa haskenta ya ƙaru a kan na ƙasa. Ita ce Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda tun tana rarrafe ba a iya yin fushi a gabanta. Sai ta uku, wadda 'yan sana'a ke kira mat, jikar kwalin nan na ɗakin wanke hoto. Baƙi da fari ce kawai. Inda take fari, hoton da aka ɗaure mata ya fito, inda take baƙi ya ɓuya. Ita kanta ba a ganinta a aikin da aka gama, don da zarar ka ɗaure mata wani hoto, na'ura za ta rufe ɗan hoton idon da ke gefen sunanta, alamar an ɓoye ta. A duk fayil ɗin da Mai Ido ya taɓa buɗewa, sunan wannan leya Uwar Yara.

Saboda haka in ka shigo ɗakin za ka ji shi yana cewa a rage wa Kawu ƙarfi, ko Auta ta yi yawa, ko wa ya matsar masa da Uwar Yara. Baƙi kan ɗauka rigimar gida yake sasantawa ta waya, har su rage murya don kunya.

Uwar yaran ta gaske ba ta san da wannan ba. Tela ce, kekenta na falo a gindin taga, kuma a unguwar an san ta da abu ɗaya: in ta zaɓa wa yadi zare, sai ka kai ido kusa kafin ka ga inda allura ta bi. Shi Tela yake ce mata, ita kuma Baban Auta. Shekara talatin da ɗaya suna tare, kowa da injinsa, ba mai taɓa na wani.

Shekara uku da suka wuce, duniya ta fara yi masa dishi-dishi. Da farko ya ce fuskar kwamfutar ce ta tsufa, aka sayo sabuwa. Sai ya ce fitilun ofis ne, aka canza su. Sai ya koma kan masu ɗaukar hoto, ya ce 'yan yanzu ba su san haske ba, komai sai su kawo shi duhu-duhu, rawaya-rawaya. Maganin duhu kuwa a hannunsa yake: ya ƙara Auta. A shekarar farko Auta biyu suna isarsa a kowane aiki. A ta biyu suka koma huɗu. Don ya kashe rawayan kuma, sai ya riƙa ɗan zuba shuɗi. Masu talla suka fara ƙorafi a hankali, wai katifa ta yi ƙyalli kamar faranti, wai fuskar mai tallan sabulu ta ƙone. Yakan ce mutane ne ba su san abu mai kyau ba. Amma in ya fito da yamma, sai ya ga fitilun motoci sun baje sun zama curi guda. Ya san abin da ke faruwa, kuma tsoro yake ji. Mutumin da sunansa Mai Ido, in idon ya tafi, bai san da me za a kira shi ba.

Tallan fenti ne ya tona asiri. Abu ne mai sauƙi, daƙiƙa ashirin: ɗaki mai bango ruwan toka, buroshi ya ratsa daga hagu zuwa dama, duk inda ya bi bangon ya koma kore, irin koren da kamfanin ke alfahari da shi. Sun ma aiko da ɗan kati mai launin a jiki. Mai Ido da kansa ya shafa farin fenti a kan baƙin kwali, ya ɗauki hoton tafiyar buroshin, ya mai da shi Uwar Yara, ya ɗaure mata koren bango. Aiki ne da a da yake gamawa kafin shayinsa ya huce. Aka aika, aka dawo da shi. Ya gyara, aka sake aikawa, aka sake dawowa da shi, da gajeren saƙo cewa wannan ba korensu ba ne.

Ranar Juma'a da yamma Manaja ta kira shi ofishinta ta rufe ƙofa. A hannunsa ta koyi aiki shekarun baya, har yau kuma Baba take ce masa. Ta yi ta juya biro kafin ta yi magana. Ta ce kamfanin zai turo mutuminsa Litinin da safe ya kalla da kansa. In ya sake cewa a'a, dole ta ba wani harhaɗawar gidan, shi kuma ta mai da shi ɗakin ajiyar tsofaffin ayyuka da ke ƙasa. Ta rantse ba kora ba ce, albashinsa ma ba zai taɓu ba. Ya ce ya gane. Ya san ɗakin sarai, babu taga, kuma ba wanda ke shigarsa sai mai neman abin da ya ɓata. Ya naɗe kwamfutarsa ta hannu, ya sa katin a aljihu, ya sauka bene yana laluben matakala da ƙafa.

Asabar da hantsi ya baje a teburin falo, abin da bai taɓa yi ba. Tela na gindin taga tana datse bakin wani labule. Ya kunna tallan, ya kashe, ya sake kunnawa. A idonsa babu abin da ya same shi: bango toka, buroshi ya wuce, kore ya biyo baya. Ya kalla fiye da sau goma, yana tsaki. Ta taso za ta ɗauko alli a kan kabad, ta tsaya a bayansa, ta kalla sau ɗaya.

Ta tambaye shi me ya sa bangon ya riga ya fara yin kore tun buroshin bai iso ba. Ya ce bai yi ba. Ta sa yatsa a gefen dama ta ce ga shi nan, kamar an yi masa hayaƙin kore. Ta ɗauki katin ta kara a jikin kwamfutar, ta ce in wannan ake so a kwaikwaya, to ko dangi ba su haɗa ba. Na katin kore ne mai nauyi, nasa kuwa kamar an wanke shi sau ɗari an shanya a rana, ga shi ya ja shuɗi.

Ransa ya ɓaci. Ya ce wannan ba ɗinkin labule ba ne, aiki ne na ilimi, kowa ya tsaya a inda ya iya. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ajiye katin ta koma kan kekenta. Keken ya ci gaba da tafiya. Shi kuwa ya zauna ya ƙura wa gefen daman nan ido har hawaye ya taru, bai ga komai ba sai toka. Ya fi minti ashirin a haka. Sannan ya jira keken ya tsaya, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Tela, ba na gani. Na daɗe ba na gani sosai."

"Na sani," in ji ta.

Ya juyo. Ta ci gaba da zura zare a allura tana ba shi labari kamar na wani maƙwabci. Ta ce ta sani tun ranar da ta aike shi sayen baƙin zare ya kawo mata shuɗi mai duhu, ya kuma tsaya yana musu. Tun lokacin take haɗa masa safa ƙafa-ƙafa ta ƙulle, take ajiye masa riga da wandon da suka dace a kan gado kafin ya fito wanka, shi kuwa yana ɗauka shi ya zaɓa. Ita ta sa aka ƙara fitila a bakin ƙofa, ta ce don ɓarayi. Har asibitin ido ta je ta tambayo, suka ce da alama yanar ido ce, ana cirewa, Talata da Alhamis suke ganin sababbi. Takardar na cikin akwatin maɓallai wata goma sha huɗu.

Ya ce me ya hana ta faɗa masa.

"Wa zai ce wa Mai Ido ba ya gani? Da ka ce ni ce na tsufa. Jira nake ka faɗa da bakinka." Ta miƙe ta kakkaɓe zaren da ke jikin zanenta. "Matsa. Kai ka faɗi abin da za a taɓa, ni in duba."

Kunya ta kama shi, sauƙi kuma ya sauko masa a ƙirji lokaci guda, har bai san wanda ya fi ba. Ya tashi ya ba ta kujera.

Ta kama linzamin kwamfutar da yatsa biyu kamar mai ɗaukar abin zafi. Ya nuna mata jerin leyoyin a ƙasa, ya ce ta karanto masa daga sama. Ta gyara tabarau ta fara: Auta. Auta biyu. Auta uku. Ta ci gaba har bakwai, ta sauke tabaran ta dube shi.

"Baban Auta, ni dai Auta guda ɗaya na haifa. Ina ka samo sauran shidan?"

Dole ya yi bayani, da na Kawu da komai. Ya gaya mata yadda suka fara su biyu, suka koma huɗu bara, bana kuma abin ya fi ƙarfin lissafi. Da ta ji dalilin sunan Kawu sai da ta kwantar da kai a tebur don dariya, ta ce Allah ya sa kada ya taɓa ji. Ya nuna mata ɗan idon da ke gefen kowane suna, ya ce ta riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ta gaya masa in bangon ya dawo hayyacinsa. Ta rufe ta bakwai, ta shida, ta biyar. A wajensa ɗakin sai ƙara duhu yake, hankalinsa na tashi, yana cewa ya isa haka. Ta ce bai isa ba. Sai da ta bar Auta guda ɗaya tak ta ce yanzu ne bango ya zama bango. Ta gano shuɗin da ya zuba, shi ma ta kashe shi.

A nan ne idonta ya sauka a kan sunan da ke ƙasa. Ta matso da fuska.

"Wannan kuma wace ce Uwar Yara? Kuma me ya sa duk gidan ita kaɗai aka rufe wa ido tun kafin in zo?"

Ya ce ba shi ya rufe ba, na'ura ce. Ta ce a'a, na'ura dai ba ta san ta ba. Ta tambaya tun yaushe, ya ce tun farkon aikinsa a gidan. Wato shekara goma sha tara, in ji ta, tana cikin tallan sabulu da na maganin sauro ido a rufe, ba wanda ya shaida mata. Kafin ya hana, ta danna idon. Ɗaki da bango da kore duk suka ɓace, sai baƙin fili da farin shafin buroshi yana ratsawa. Ta ce ashe haka take a wurinsa, baƙi da fari, ko ɗan ɗigon launi bai sam mata ba.

Ya gyara murya ya fara jawabi. Ya ce wannan leyar ita ce komai, ita ke faɗin inda kore zai fito da inda zai tsaya, in aka cire ta aikin duk ya rushe, ba a ganinta ne kawai amma ita ke riƙe da gidan. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce ya adana daɗin bakin nan ya kai wa masu katifa. Ba ta ma kallonsa, baƙin filin take kallo.

Ta ce baƙin nan ba baƙi ba ne. Ya koɗe, irin na wandon da ya sha wanki.

Mai Ido ya dafe kai. Abin da ya hana shi barci mako biyu ke nan, ga shi a fili. Kwalin da ya ɗauka bai fito baƙi ƙirin ba, hasken ɗaki ya ɗan taɓa shi ya koma toka mai duhu. Mat kuwa ba ta san kusan baƙi ba. Inda ta ga toka, sai ta bar ɗan kore ya zubo, shi ya sa bangon ke yin kore tun buroshi bai iso ba. Auta bakwai kuma suka taru suka haska zubar. Kuskure ne da yake kama masu koyo da shi tun daga bakin ƙofa. Ya nuna mata ɗan makullin da ake ja don danne baƙi, ta ja a hankali har ta ce yanzu ya zama baƙin da za ta yarda ta ɗinka. Sannan da kanta ta mai da idon ta rufe, ta ce gara ta koma inda aka ajiye ta kafin ta ɓata masa talla.

Daga nan aikin ya koma hira. Autar da ta rage tana haska ɗakin gaba ɗaya, alhali ƙyallin ɗanyen fenti kawai ake so. Ya ce a ɗaure ta ita ma a jikin Uwar Yara, don haskenta ya tsaya inda buroshi ya bi. Tela ta ce dama can wurinta ke nan, shi ne ya sake ta tana yawo. Ta so ta kori Kawu gaba ɗaya, ya roƙe ta ta bar shi, don in babu ɗan duhunsa a gefen shafin, fentin zai yi kamar yana shawagi a iska bai taɓa bango ba. Ta yarda amma ta rage shi sosai, ta ce Kawu a gaisa a tsaye ya fi daɗi.

Saura koren kansa. Ta ɗauki katin ta kai gindin taga, ta jawo zare kore kala uku daga akwati ta ɗora a kai, ta ture biyu, ta daɗe tana kallon na ukun. Ta dawo tana ja tana saki, tana cewa a ƙara nauyi, a rage, ya ɗan yi ɗanye, har ta ɗaga hannu ta ce nan ne. Sannan, da yake tela ba ta rabuwa da duba bayan yadi, ta juya katin. A baya akwai lambobi uku da ƙananan haruffa, lambobin launin daidai yadda kamfanin ke so. Mako biyu katin na hannunsa bai taɓa juya shi ba, da ya juya ma ba zai iya karantawa ba, da ya karanta kuma girman kai ba zai bar shi ya yi amfani da su ba. Ta sa shi ya nuna mata ma'aunin nan da ya raina. Ta ɗora a kan koren da ta zaɓa. Lamba biyu sun yi daidai, ta ukun ta kauce da biyu kacal. Ta gyara, ta tashi, ta ce labulen mutane na jiranta.

Litinin da safe mutumin kamfanin ya zo da katinsa a hannu da fuskar wanda ya shirya faɗa. Aka kunna. Ya ce a maimaita. Ya kara katin, ya janye, ya ce wannan shi ne korensu, har ma ya yaba yadda fentin ke ƙyalli kamar a taɓa a ji danshi. Da ya fita, Manaja ta sauke ajiyar zuciya ta ce a gaban kowa, Baba ya dawo, dama ta san ido irin nasa ba ya tsufa. Aka tafa.

Da ya yi shiru, da shi ke nan. Kujerarsa ta tsira, sunansa ya tsira, ba wanda zai taɓa sani. Ya jingina, kujerar ta yi kukanta, duk ɗakin ya juyo kamar yadda aka saba, sai ya ga tunda an riga an juyo gara ya faɗa. Ya ce ba idonsa ba ne. Ya ce shekara uku ke nan yana aiki cikin hazo yana ɗora wa fitilu da masu ɗaukar hoto laifi, kuma yana neman afuwarsu. Ya ce gobe Talata zai je asibiti.

Manaja ta tambaya a hankali, to wa ya duba launin. Ya ce matarsa. Ta daɗe tana kallon biron hannunta, sannan ta ce ya tafi ya yi magani, kujerar na nan ba mai taɓa ta. Sharaɗi ɗaya, in ya dawo zai riƙa auna launi da lamba kamar kowa. Ya ce ya ji ya yarda.

Mai sa murya ne, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya ce ashe duk shekarun nan kuskure ake yi, wannan ai Mijin Mai Ido ne. Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Amma ya ji ciwon abin har cikin ransa, don ya san irin sunan nan in ya kama ba ya saki. Kafin a tashi aiki har mai shagon tayoyi na ƙasa ya ji, kuma da shi ya yi masa sallama.

Bayan mako uku aka yi masa aikin idon dama. Washegari da safe likita ta zaunar da shi ta ɓare bandejin a hankali, ta ce kada ya yi gaggawa. Ya buɗe. Abu na farko da ya ba shi mamaki bango ne, ashe fari ne tas, shi da ya ɗauka ruwan madara aka shafa. Ya ga layukan tayil, ya ga ƙananan rubutun jikin kwalbar magani, ya ga ashe rigar da ya fi so duk shekarun nan ba ruwan ƙasa ba ce, wani irin shunayya ce da shi da kansa ba zai taɓa saya ba.

Sannan ya ga Tela. Tana tsaye gefen ƙofa rungume da jakarsa, ta ɗan karkata kai tana jiran ta ji ko an dace. Ya ga wani siririn layi tsakanin girarta, na yawan zura zare a allura, wanda bai san da shi ba. Ya ga gefen ɗankwalinta, inda gashi ya leƙo, fari fat. A ganinsa na ƙarshe mai kyau, baƙi ne wuluk. Shekara uku tana gabansa safe da yamma tana haɗa masa safa, tana tsufa, shi bai gani ba.

"Tela, yaushe kika yi furfura haka?"

Ta kai hannu ta tura gashin cikin ɗankwali, ta ɗan yi lissafi.

"Tun wajen Auta ta huɗu."

Likita ta fara bayanin maganin ɗigawa, sau nawa a rana, da abin da zai kiyaye, da ranar da za a yi ɗaya idon. Ko kalma ɗaya bai ji ba, matarsa yake kallo. Ita ce ta zaro alli da guntun takarda daga jaka ta rubuta.